Shuɗin Hannun Amak Hizkiyo

Amak Hizkiyo ƙanen surukina ne. Mahaifin mijina ya rasu tun mijin nawa, Zavulun, yana goye, Amak ne ya ɗauke shi ya riƙe, saboda haka gidansa aka kai ni amarya, can ƙarshen unguwarmu ta Yahudawa a Karmana, inda bangonmu na gabas ya haɗu da na maƙwabtanmu Musulmi. Ranar da na shiga ban ga fuskarsa ba, ina cikin lulluɓi. Hannunsa na gani, da ya miƙo mini gurasa da zuma. Shuɗi ne tun daga farce har gwiwar hannu, a yatsu ya yi duhu kamar baƙi, yana washewa in an yi sama. Ban ji komai ba, don kakana ma da irin wannan hannu aka binne shi.

A da, in ji tsofaffi, in ka shiga kasuwa ba sai ka tambaya wane ne namu ba, hannu kawai za ka duba, yawancin gidajen unguwa marina ne. Ni dai na tarar abin ya ƙare. Yadin masana'anta ya zo da launinsa, samari sun koma aski da gyaran takalmi, randunan rini an cike su da ƙasa an shuka albasa a kai. Amak kaɗai ya rage. Randunansa na bayan gida, binne a ƙasa har wuya, kowace da murfin katako da tsohon bargo. Shuninsa ragowar wanda mahaifinsa ya saya ne wajen fataken Indiya, dunƙule-dunƙule, yana gutsurarsa kamar mai gutsurar sukari a shekarar yunwa. Da safe kafin ya yi wa kowa magana sai ya ɗaga murfi ya sunsuna, ya duba kumfar, ya ɗanɗana a bakin harshe. In randa ta yi sanyi ya ba ta dusa da busasshen inabi, ya lulluɓe ta. Yakan ce randa rai gare ta, tana jin yunwa, tana fushi. Matarsa, Hola Burho, takan ce da ita yake yi wa rabin wannan hidima da tuni ƙofar ɗaki ta yi mata kaɗan.

Ba mai karatu ba ne. A hankali yake bin addu'a da yatsa, har gefen shafukan littafinsa duk sun rine. In maza suna gardamar hukunci sai ya yi shiru yana shan shayinsa. Amma kohen ne, daga zuriyar Haruna ɗan'uwan Musa malaminmu, uba bayan uba, wannan kuwa ba karatu ke ba da shi ba, ba dukiya ba. Tun a jeji Ubangiji ya ɗora wa 'ya'yan Haruna su riƙa sa wa Isra'ila albarka, yana nan rubuce a Attaura. Haikali ya rushe, an watsa mu, kakanninmu sun biyo ta Babila da Farisa har suka iso nan. Hadaya ta tafi, turare ya tafi, wannan dai ya rage mana. In addu'a ta kusa ƙarewa sai a zuba wa kohen ruwa a hannu, ya tuɓe takalmi, ya tsaya gaban akwatin Attaura, ya ja mayafin addu'a bisa kansa, ya juyo ya fuskanci jama'a da hannuwa a miƙe, yatsu a ware. Mai jan addu'a ya faɗi kalma, shi ya maimaita. Gajeruwa ce, roƙon kiyayewa da alheri da salama. Kowa ya sunkuyar da kai, uba ya ja 'ya'yansa ƙarƙashin mayafinsa. Ba a kallon hannun. Tun muna yara ake gaya mana albarkar ba ta mutumin ba ce, ta tsakanin yatsunsa kawai take wucewa. Shi kansa Amak yakan ce shi mazurari ne. Hola ta ce eh, mazurarin da ba ya wankuwa.

Majami'armu an karɓe ta an mai da ita rumbun auduga tun kafin aurena, don haka a babban ɗakin gidanmu ake taruwa ranar Asabar da ranakun idi. Maza a ciki, mu mata a tsakar gida ƙarƙashin rumfar inabi, jikin taga.

Da babban yaƙin duniya ya zo aka kwashe maza. Zavulun ya tafi, 'ya'yan Amak, Nerya da Amnun, suka tafi, har mutumin da ya saba zuba masa ruwa a hannu. Duk garin ba wani kohen da ya rage sai shi. Albarkar da a da mata kan saurara da rabin kunne suna raɗa, ta zama abin da muke jira duk mako. Kowace tana tsaye jikin taga da sunan wani a bakinta. Nawa bai dawo ba, amma a lokacin ban sani ba tukuna, ina cikin masu jira.

Sai kuma baƙi suka fara sauka daga jirgin ƙasa. Yahudawan Polan ne, an sako su daga sansanonin sarar itace na arewa, ramammu, ƙafa ɗaure da tsumma. Ba mu jin harshensu, ba su jin namu. Hola Burho ta tsaya a ƙofa ta ce ba za ta yarda Yahudawa ba ne, wane irin Bayahude ne bai san shinkafar Asabar ba. Wani cikinsu ya rufe ido da tafin hannu ya faɗi shaidarmu, cewa Ubangiji ɗaya ne. Ta saurara har ƙarshe, ta ce lafazin kamar na mai cin abinci da zafi, amma ita ce, ta je ta ɗauko shimfiɗu. Wannan hunturun zazzaɓin ƙwarƙwata ya yi ta ɗiba, har malaminmu mai jan mana addu'a ya bi. Namiji da mayafin addu'arsa ake binne shi, su kuwa baƙin ba su da ko ɗaya. Mutum na farko da ya mutu cikinsu, Amak ya ba da babban mayafinsa, wanda mahaifinsa ya saya masa, aka naɗe mamacin. Ya koma amfani da wani siriri da ba ya wuce kai da kafaɗa.

Cikin baƙin akwai wani malami, Reb Lebush, ƙanƙanin mutum mai tari, gilashinsa ɗaure da zare. Bayan rasuwar malaminmu shi ya riƙa jan addu'a. Kafin bazara baƙin sun fi mazanmu yawa a ɗakin. Ni daga taga nakan ga yadda suke yi in Amak ya miƙa hannu. Sun san ba a kallo, sun fi mu ma sani, amma ido kan saɓa musu. Wani ya saci kallo ya kau da kai, wani ya taɓa na kusa da shi. Amak kansa na cikin mayafi, ba ya gani.

Lokacin kankana, saura kamar wata ɗaya da rabi a yi Ranar Kafara, wani sabon baƙo ya zo, sunansa Fishel. Dogo ne, bai kai arba'in ba amma kansa fari fat, tela ne a garinsu. Asabar ɗinsa ta farko ya makara, ya tsaya bakin ƙofa daidai lokacin da Amak ya juyo ya ɗaga hannuwa, hasken taga a kansu. Fishel ya yi wani irin sauti da ban taɓa ji daga bakin mutum ba. Ya ja da baya ya ture tulun ruwa, ya fito tsakar gida ya durƙusa jikin bango yana kiran wani suna. Mai sa albarka ba ya tsayawa a tsakiya. Amak ya ci gaba har ya kai kalma ta ƙarshe.

Daga baya wata cikin matansu ta kwatanta mana, da hannu da 'yan kalmomin Rashanci. Ƙanensa ne ya mutu a dajin arewa, sanyi ya kashe shi a bakin aiki. Da aka samo shi hannuwansa a ɗage suke, yatsu a ware, shuɗi har baƙi, sun sandare. Fishel ya yi ya yi ya sauke su a jikinsa, suka ƙi. Haka ya tura shi rami.

Washegari Amak bai buɗe randa ba. Ya sa na dafa shayi, ya aika aka kira Reb Lebush, suka zauna ƙarƙashin rumfa suna harhaɗa harshe mai tsarki da Rashanci da nuni. Ina tsintar shinkafa kusa da su, abin da ban gane ba Amak ya maimaita wa Hola. Tambayarsa ɗaya, ko an taɓa rubuta wani abu kan irin hannunsa. Malamin ya daɗe yana goge gilashi kafin ya ce an rubuta. Malaman zamanin da sun ce kohen da rini ya kama hannunsa kada ya ɗaga, don mutane za su tsaya kallo, zuciyarsu ta bar albarkar. Amma sun ƙara da cewa in yawancin mutanen gari sana'arsu ke nan, ko kuwa sun saba da shi, ba laifi. Ya ce Amak a garinsa yake, a gidansa ma, su ne baƙi, saboda haka a hukunce ba wanda zai hana shi. Ya ce kuma a ƙasarsu kohen kan sa hannuwan cikin mayafi, ko zai yi haka. Amak ya ɗauko siririn mayafinsa ya yafa ya miƙa hannu, suka fito waje tsirara har gwiwa. Dukansu biyu suka yi 'yar dariya.

Sai Amak ya tambaya ko Fishel zai dawo addu'a. Malamin ya ce ba ya zato.

"To ba zan ɗaga ba," in ji Amak. "An ce in sa wa Isra'ila albarka, ba a ce in kori ɗaya daga ɗaki ba. Hannu ne, ai yana wankuwa."

Hola Burho ta aje tsintsiya ta ce, "Baban Nerya, shekara nawa nake wanke maka shi? Sai yau don wani dogon tela ya yi kuka? Mu da 'ya'yanmu ke bakin wuta fa?"

Ya ce ya sani, shi ya sa zai bar randa daga yau. In ya daina tsoma hannu, kafin Ranar Kafara fata za ta sake, ya tsaya gaban jama'a da hannun da ba zai firgita kowa ba. Wannan ranar ce ake rufe hukuncin shekara, wanda zai rayu da wanda zai mutu, albarkarta ce bai kamata ta kuɓuce ba. Sauran Asabar a yi haƙuri.

Kohen in yana cikin ɗaki aka kira shi bai tashi ba, ya saɓa umarni. Don haka Asabar ta gaba, da addu'a ta kusa wurin, sai muka ga Amak ya fito tsakar gida da mayafinsa a kafaɗa, ya tsaya cikinmu mata, hannuwa a hammata. Ciki Reb Lebush ya karanta kalmomin da kansa, karatu kawai, yadda ake yi a garin da ba kohen. Wasu suka juya masa baya. Wata tsohuwa mai 'ya'ya a yaƙi ta ce, ba ta kalle shi ba, wai mu da muka haifa ba a tausaya mana ba sai baƙo. Ya ji. Ya ci gaba da kallon inabi. Fishel kuwa an gaya masa, ya dawo, yana zama can lungu, yana fita kafin a gaisa.

Wankin hannun nan ni na riƙa kawo ruwansa. Toka, yashin rafi, tsamin ɗanyen inabi, ɓawon rumman, har dutsen goge kaushi. Rannan ya goge har jini ya fito. Reb Lebush ya gani ya kama kansa, ya ce miki ma abin kallo ne, in ya ci gaba zai fita daga wani hukunci ya faɗa wani. Hola ta ce a bar shi ya goge har ƙashi, ta ga ko shi ma shuɗi ne. Daga nan ya koma ruwan ɗumi da dusa, tana shafa masa kitsen rago tana mita. Randunan kuwa da sanda yake motsa su don kada su mutu, yana tsaye nesa kamar mai gaida surukai. Masu kawo zare ya mayar da su. Gidan ya koma ga abin da muke samu ni da Hola wajen gurzar auduga, miya ta ƙara tsinkewa.

A hankali hannun ya fara sakewa. Bayan hannu ya koma toka-toka, tafin ya fito ja-ja, shuɗin ya maƙale a farce da layukan fata kawai. Ya riƙa juya su yana kallo kamar na aro. Hola ta ce ita ba ta san wannan mutumin ba, kada ya kuskura ya sa mata hannun kaza a kwano. Amma na ga tana satar kallonsu, ta ce mini tun da aka kawo ta ba ta taɓa ganin launin fatar mijinta ba.

Mun yi Sabuwar Shekara, an busa ƙaho, ba albarka. Saura 'yan kwanaki Ranar Kafara muka ji kuka ta bayan bangon gabas. Maƙwabciyarmu Saodat ce, ɗanta ɗaya, Ergash, an aiko ya mutu. Yaron da ke hawa bangonmu yana satar inabi tare da Amnun, wanda uwarsa ke aikowa ya hura mana wuta ranar Asabar in sanyi ya yi tsanani, don mu ba ma taɓa wuta a ranar. Mun shiga mun zauna da ita. A garin nan, su da mu, mace in ta yi rashi shuɗi take sawa, mata su taru su sa mata, ta yi shekara a ciki. A kanti babu yadi ko wane iri. Washegari ta shigo da farar rigarta da mayafi a naɗe, ta aje gaban Amak. Ba ta san komai kan maganar hannu ba. Ta dubi hannuwansa, ta kira shi yadda suke kiran gwanin sana'a, ta ce, "Usto, ciwo ka yi ne? Hannunka ya yi fari." Ya ce a'a, hutu ne. Ta ce jibi mata za su taru, ta fita.

Hola ta ce ita za ta yi, ai ta shekara arba'in tana kallo. Ta naɗe hannun riga, shi yana tsaye yana gaya mata. Rinin shuni ba a yin sa da sanda. Sai an nutsa yadin ƙarƙashin ruwa ana murza shi da yatsu, lungu-lungu, ba a bari iska ta shiga, ba a bari ya taɓa laka a ƙasan randa. Ta gwada da mayafin, ya fito dabbare-dabbare. Na gwada, nawa ya fi muni. Muka shanya shi a igiya, mu uku muna kallo. Hola ta ce a maimaita zai rufe. Ya ce ba zai rufe ba, tabon farko yana nan ko an tsoma sau nawa, sai dai hannun da ya sani ya bi shi ya cike. Ta ce to Saodat ba za ta lura ba, mai kuka ba ta duban yadi. Ya ce ita ba za ta lura ba, amma shekara guda za ta yi tana shiga mutane da shi, a ce ga abin da aka yi wa Ergash.

Ya tsuguna bakin randa ya duba kumfar. Sai ya miƙe ya tuɓe riga.

Hola ta riƙe masa hannu, ta ce, "Nerya fa? Amnun fa? Zavulun fa? Ga matarsa tsaye."

Ya dube ni. Ni ma abin da ke raina ke nan. Ya ce, "Amarya, Mai albarkar ya san hanyar da zai bi ko ba ni. Wannan matar kuwa ba ta da wata randa." Ya durƙusa ya nutsa hannuwa har gwiwa.

Na shiga madafa na yi kukana. Ba zan ce a ranar na ga kyawun abin ba.

Hola ba ta yi kuka ba. Ta yafa mayafi ta fita, can sai ga ta tana jan Fishel ta hannun riga tun daga ɗakin da baƙin suke kwana bayan gidan wanka. Da harshenmu take masa faɗa, ba ya jin ko kalma. Ta ce dogon banza, ka hana tsoho aiki, ka hana mu albarka, yanzu ka zo ka ɗebi ruwa, ɗauraya na cin ruwa ni kuma bayana ya gaji. Ta nuna masa bokiti, ta nuna rafi, ta nuna tukunyar miya. Na ukun ya gane. Yunwa ba ta bar wa kowa zaɓi a shekarar nan ba.

Da farko da baya-baya yake shigowa, ya aje bokiti ya juya. Amak bai ɓoye hannu ba, bai kuma nuna ba, aikinsa yake. Shuɗi mai duhu ba ya samuwa a tsomi ɗaya, sai a tsoma a shanya, a sake tsomawa, yini guda ana abu ɗaya. Wajen la'asar rigar ta jiƙe ta yi nauyi, tsohon ya kasa matse ta shi kaɗai, ni da Hola muna can wajen igiya. Ya miƙa wa Fishel ɗaya bakin ba tare da ya dube shi ba. Tela ne, in an miƙo masa yadi hannunsa karɓa yake. Wanda bai taɓa gani ba bai sani ba, abin da ya fito daga randar shuni ba shuɗi ba ne, kore ne mai rawaya-rawaya, sai iska ta buge shi yake juyawa a gaban idonka. Haka rigar ta yi, haka hannun Amak ya yi, yana tururi, jijiyoyi na motsi. Fishel ya tsaya yana kallo. Suka murɗa, ruwan ya gangaro har kan yatsun Fishel, su ma suka juya. Ya saki rigar ya fita. Na ce shi ke nan. Sai ga shi ya dawo da bokiti cike.

Washegari ya zo ba a kira shi ba. Ya lura kafaɗar rigar ta ɓarke, ya roƙi allura ya ɗinke. Da rana suka ci gurasa a kwano ɗaya, ba mai jin wani. Saodat ta sa shuɗinta ranar da aka sa, ba tabo ko ɗaya.

Ranar Kafara ta zo. Farare muka sa, ba ci ba sha, ba takalmin fata, ɗaki ya cika har ƙofa. Hannun Amak ya koma yadda na fara ganinsa, ya ma fi duhu, don sabuwar fata ta fi sha. Da safe da aka zo wurin albarka ya fito ya tsaya cikinmu. Da rana ma haka. Tsohuwar nan mai 'ya'ya a yaƙi ta ja mayafi ta rufe fuska. Fishel na lungunsa, ban ga ya ɗaga kai ba duk yinin.

Saura addu'a ta ƙarshe, wadda ake yi rana na kan bishiyoyi, lokacin da ake cewa ana rufe ƙofofin sama. Muryar Reb Lebush ta dushe, mata sun jingina da juna. Na ga Amak ya tashi ya nufo ƙofa kamar yadda ya saba. Sai ya tsaya, don akwai mutum a ƙofar. Fishel ne, da butar tagulla a hannu ɗaya, kwano a ɗaya. Ya faɗi wata magana da harshensu. Reb Lebush ya dakata da addu'a ya juyo, ya fassara da ƙarfi yadda har mu muka ji. Ya ce mutumin nan cewa yake shi Balawe ne, daga kabilar Lawi, ubansa ne ke zuba wa kohen ruwa a garinsu, shi da ƙanensa suna riƙe masa kwano. Yana cewa aikinsa ne, a ba shi.

Amak ya dubi malamin. Malamin ya ce rana na faɗuwa, in ta faɗi ba a ɗagawa.

Amak ya miƙa hannuwan. Ina daf da su, taga ce kawai tsakaninmu. Fishel bai kau da ido ba. Ya zuba a dama, ya zuba a hagu, har wuyan hannu. Sai ya aje butar, ya kama hannuwan biyu cikin nasa ya riƙe, ya sauke su a hankali ya haɗa su a ƙirjin tsohon. Ya ɗan jima a haka, sannan ya sake su.

Amak ya koma ciki ya ja siririn mayafinsa bisa kai. Abin da ya biyo baya ban gani ba, ba a kallo. Na sunkuyar da kai, Hola Burho ta jawo ni jikinta ta rufe mu da mayafinta, hannunta mai dabbaren shuni a kan wuyana. Na ji kalma daga bakin malamin, na ji ta daga bakin Amak, a hankali yadda yake karatu. Ba tari, ba motsi. Ta bayan bango ina jin Saodat tana share tsakar gidanta. Na faɗi sunan Zavulun, na faɗi na Nerya da Amnun. Da aka zo salama, amin ɗinmu da nasu, kowa da lafazinsa, ya fito tare.

Bayan an busa ƙaho an sha ruwa, Hola ta zuba wa Fishel miya har baki, ta ce da ya faɗa tun farko shi Balawe ne da bai sa ta asarar kitsen rago ba. Reb Lebush ya fara fassara masa, tari ya sarƙe shi.

Fishel ya ci gaba da zuba ruwan nan har yaƙi ya ƙare aka mayar da mutanen Polan. Amnun ya dawo da ƙafa ɗaya, Nerya ya dawo lafiya ya zama direba, ba wanda ya gaji randa. Amak ya yi ta rini har shunin mahaifinsa ya ƙare, a shekarun nan ba a rasa mai buƙatar shuɗi ba, namu da na maƙwabta. Ni ma da labarin Zavulun ya zo shi ya rina mini nawa, bai yarda Hola ta taɓa ba. Ya ga 'ya'yan Nerya, ya koya wa babban yadda ake ware yatsu, yana ɗaure masa su da zare har suka saba. Ya rasu cikin hunturu, ranar Juma'a da hantsi, aka yi sauri aka kai shi kafin rana ta faɗi Asabar ta shiga.